Neman shawara: yadda zan binciki ra'ayin mutanen Nima da Mamobi kan mata masu buga gem

Rukayya

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina shekarar ƙarshe a wata jami'a nan Akra, kuma aikin kammalawa da zan rubuta a kan yadda mutanen Zongo, wato unguwanninmu da aka fi jin Hausa, suke kallon mace mai buga gem ne, na waya ko na PlayStation. Na zaɓi unguwannin Nima da Mamobi don su na fi sani. Na fara da fom na Google mai tambaya goma, na tura a guruf-guruf na WhatsApp. Cikin mako biyu mutum 58 suka cika, 47 daga cikinsu maza, kusan duka 'yan makaranta. Babbar tambayar ita ce: "Ya dace mace ta riƙa buga gem?" Kusan kowa ya ce e. Amma kowa ya san ba haka ake magana a tsakar gidajenmu ba. Malamin da ke duba aikin ya ce in sake shiri daga tushe. Wata uku ya rage mini, kuɗin hannuna kuma bai kai sidi 4,000 ba. Don Allah yaya zan tsara tambayar har mutane su faɗi abin da ke ransu? Mutum nawa zan tambaya? Ta wace hanya zan kai ga iyaye mata da dattawa waɗanda ba sa cika fom a waya? Allah ya saka da alheri.

Malam Sulemana

Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminki ya yi miki gata da ya tsayar da ke tun yanzu. Tambayar taki ta ƙulle kaya huɗu a ƙunshi ɗaya: wace mace, wane gem, a ina, kuma na tsawon wane lokaci. Wanda ya ce e yana iya tuna ƙanwarsa mai shekara tara tana danna waya a ɗaki. Wanda ya ce a'a yana iya hango matar aure zaune a gem senta cikin samari bayan isha'i. Kin rubuta musu amsa biyu mabambanta, alhali ba tambaya ɗaya suka amsa ba.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan girma. Dattijon da ya ce bai dace mace ta buga gem ba, wataƙila da kin tambaye shi a kan namiji, haka zai ce, don shi gem ɗin ne gaba ɗaya yake gani ɓata lokaci. In ba ki auna ra'ayinsa kan namiji ba, ba ki da hujjar cewa maganarsa ta mata ce. Abin da kike nema shi ne tazarar da ke tsakanin hukuncin da ake yi wa namiji da wanda ake yi wa mace a kan aiki iri ɗaya.

Hanyar da ta fi fitar da wannan tazara ita ce gajeren labari mai fuska biyu. Ki rubuta kamar haka: "Amina tana da shekara 20, tana koyon ɗinki. In an tashi daga shago, takan buga gem ɗin ƙwallo a wayarta kamar awa ɗaya a gida." Sai ki yi na biyu, kalma da kalma iri ɗaya, ki canza suna kawai zuwa Aminu. Na zaɓi ɗinki don sana'a ce da maza da mata duka suke koyo a Zongo. Da kin ce kitso ko kanikanci, sana'ar ce za ta ja hankalin mai amsa. Kowane mutum fuska ɗaya kawai zai ji. In ya ji biyun, nan take zai gane inda kika dosa, ya daidaita amsarsa don kada a ce masa mai son kai.

Bayan labarin, tambaya huɗu sun isa. Da ɗanka ne ko 'yarka, za ka bari, za ka rage lokacin, ko za ka hana? In wani naka yana neman aure a nan, wannan ɗabi'a za ta sa ka ja da baya? Kana ganin mai wannan ɗabi'a zai riƙe sana'arsa? Sai ta huɗun, wadda na fi so ki kula da ita: mutanen layinku me za su ce? Mutum yakan ɓoye nasa ra'ayin, amma in aka ce ya faɗi na maƙwabta sai bakinsa ya buɗe, kuma bambancin da ke tsakanin "ni ban damu ba" da "amma mutane za su yi magana" shi kansa sakamako ne babba.

Ki yi labari na biyu wanda wurin ne ya canza, daga gida zuwa gem senta, shi ma da fuskar mace da ta namiji. Ki tsaya a nan. In kika ƙara aure, da shekaru, da irin gem, fuskokin za su haura goma, kowace ta samu mutanen da ba su kai a ce komai a kansu ba. Tambayarki ta farko kuma kada ki jefar da ita, ki kai ta can ƙarshen takarda, don ki nuna yadda amsar kai tsaye ta saɓa da ta labarin.

Abdul-Basit

Ƙanwata, kafin ki kai ga labarin da Malam ya tsara, ki gyara kalmar "gem" ita kanta. A bakin dattawa da yawa, gem da caca abu ɗaya ne, kuma ba laifinsu ba ne. Hukumar da ke kula da caca a Gana sunanta Gaming Commission, dokar 2006 ce ta kafa ta. Shagunan caca kuma suna nuna ƙwallon kwamfuta a allo, wanda daga bakin ƙofa ba ya bambanta da gem ɗin ƙwallo na FIFA. A wasu gem senta ma samari kan ɗora kuɗi a kan wasa tsakaninsu. Don haka uwar da ta ce "Allah ya kiyaye 'yata da gem" wataƙila cacar take gudu. Ki saka tambaya ɗaya tun farko, a buɗe: "In an ce gem, me ya fara zuwa maka?" Daga nan mai tambaya ya bayyana cewa ana nufin wasan waya ko na talabijin da ba a sa kuɗi.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, mata da yawa da ke buga Candy Crush, Ludo King ko Subway Surfers kullum za su ce miki ba sa buga gem, don a ganinsu gem shi ne na maza mai pad, wato abin dannawa na hannu. In kika tambaya "kina buga gem?" za ki rasa su. Ki buga kati mai launi da hotunan wasanni takwas zuwa goma, ki sa a leda, a nuna wa mutum a ce: cikin waɗannan wanne ka taɓa gani, wanne ka taɓa bugawa a makon nan? Ki rubuta sunan da ake kira a titi. Har yanzu FIFA ake cewa duk da tun 2023 sunansa ya koma EA Sports FC, kuma PES ake cewa duk da ya zama eFootball tun 2021.

Ki raba wasannin gida biyu, don a nan rigimar cikin gida take. Akwai wanda za ka ajiye a kowane lokaci, kamar Candy Crush: Mma ta kira, ka kife waya ka tashi. Akwai wanda ake bugawa kai tsaye da wasu mutane ta intanet, kamar Free Fire, PUBG Mobile da Call of Duty Mobile. Waɗannan ba a tsayar da su, ana buga su sau da yawa a tawagar mutum huɗu, in ka tashi a tsakiya ka zubar da 'yan tawagarka. Yarinyar da aka kira ta ɗora ruwa ta ce "ina zuwa" sau uku, ita za a kira marar kunya, ɗan'uwanta kuwa ba a cika kiransa aikin ba balle a gani. Sannan waɗannan wasannin suna da hira da murya da baƙin mutane, abin da ke tayar wa iyaye hankali ke nan in sun ji muryar namiji tana fitowa daga wayar 'yarsu. Ki tambayi wannan daban.

Kada ki manta da tambayar waya ta wa: tata ce, ta yayanta, ko ta mahaifiya? Kuma wa ke sayen data? Wani hanin ba ra'ayi ba ne, kuɗin data ne. Ga masu bugawa, in sun yarda, su buɗe Digital Wellbeing a saitin Android su karanta miki mintocin jiya da kansu, don kiyasin baki ba ya zama daidai. Ba kowace waya ke da shi ba, ki bar gurbin "babu".

In za ki leƙa gem senta, ki nemi izinin mai shago, ki je da ɗan'uwa namiji, ki zauna minti 30 a lokuta uku: bayan an tashi makaranta, bayan magariba, da ranar Asabar da rana. Ki ƙirga na'ura nawa, maza nawa ke bugawa, mata nawa ke bugawa, mata nawa ke kallo, nawa suka tsaya bakin ƙofa ba su shigo ba. Ki lura ko ƙofar a buɗe take ko da labule. Hoto kuwa kada ki ɗauka ko ɗaya.

Hajiya Zainabu

Rukayya 'yata, fom na WhatsApp masu waya da data da Turanci kawai yake kamawa, shi ya sa kika samu 'yan makaranta. Iyayen da kike nema sai an taka an je gidajensu.

Ki fara da takarda daga sashenku mai hatimi. Ki kai wa asembiliman, wato kansilan yankin, da sarkin unguwa, da limamin masallacin da ke kusa, da Magajiya don ɓangaren mata. Gaisuwa ce da sanarwa, don in an ga baƙi da waya suna shiga gidaje kada a ɗauka 'yan siyasa ne ko masu karɓar haraji. Amma in suka ce bari mu haɗa ki da mutanen da za su ba ki amsa mai kyau, ki yi godiya ki ce makaranta ta hana. Wanda shugaba ya zaɓo, bakin shugaba zai ara.

Ki raba unguwannin biyu yanki takwas, huɗu a Nima huɗu a Mamobi, wasu a bakin titi wasu can cikin lungu wajen gota. A kowane yanki a fara daga wata alama, masallaci ko famfo, a bi hannun dama, a shiga kowane gida na biyar. Gidajenmu na haya ne, gida ɗaya sai ki tarar da iyali goma ko fiye, kuma wanda za ki fara gani a tsakar gida kusan kullum tsohuwa ce ko mai wanki. In kika riƙa ɗaukar na farkon gani, takardunki za su cika da irin mutum ɗaya. Ki ƙirga ƙofofin iyalai daga hagu, ki rubuta lambobi a ƙananan takardu, yaro ya zaro ɗaya. A cikin iyalin ma haka: a lissafa duk wanda ya kai 18, a zaro. Littattafai kan ce a ɗauki wanda ranar haihuwarsa ta fi kusa, amma dattawanmu da yawa ba sa riƙe ranar, ƙuri'ar takarda ta fi sauƙi kuma kowa ya ga adalcinta. In wanda ya fito ba ya nan, a dawo sau biyu a lokaci daban kafin a canza shi, kuma a rubuta an canza.

Masu tambaya huɗu, mata biyu maza biyu. Mace ta tambayi mace, namiji ya tambayi namiji. Kada kowa ya yi aiki a layinsu, don ba wadda za ta faɗa wa 'yar maƙwabciyarta abin da take gani game da tarbiyyar 'ya'yan mutane. A nemi gefe a zauna, ko bakin ƙofa ne. In miji ko suruka ta zo ta tsaya a kai, ba a korarta, amma a sa alama a fom cewa akwai mai saurare, don daga baya ki duba ko amsoshin sun karkata. Za ki ga sun karkata.

Lokaci kuma: masu sayar da koko da wake da shinkafa ba su da sukuni da safe, sai wajen ƙarfe 11 zuwa azahar. Laraba ranar kasuwar Nima ce, mata da yawa ba sa gida. Juma'a daga hantsi zuwa ƙarfe 3 ki bar ta. Dattawa maza bayan la'asar. Samari da dare a wajen ataya ake samunsu, amma kada a yi tambaya a cikin taron, kowa zai amsa don abokansa su ji. A ja wanda ƙuri'a ta faɗa kansa gefe. In aikin ya faɗo watan Mayu ko Yuni, ki ƙara kwana uku don ruwan sama. Tambayoyin duka kada su wuce minti 20, in sun wuce tukunya za ta kira mai amsa.

Rukayya

Na gode Malam, na gode Yaya Abdul-Basit, na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma. A littafin da muke amfani da shi an ce a tambayi mutum 385. Kuɗina ba zai kai nan ba. In na yi ƙasa da haka aikin ya lalace ke nan?

Malam Isifu

Bai lalace ba, Malama Rukayya, muddin kin faɗi iyakarsa. Lambar 385 ta fito ne daga lissafin da ke neman kuskuren da bai wuce maki 5 cikin 100 sama ko ƙasa ba, da tabbacin kashi 95, kuma da sharaɗin an zaɓo kowa ɗaiɗai da ƙuri'a daga dukkan jama'a. Ke kuwa yanki-yanki za ki bi, mutanen lungu ɗaya kuma ra'ayinsu kan yi kama, don haka ko 385 ɗin ba za ta ba ki maki 5 cif ba. Masu manyan bincike kan ninka ta da 1.5 ko 2 saboda wannan.

Ki nufi 240. Mutum huɗu, kowa shida a rana, 24 ke nan, kwana goma ya kammala, kowane yanki 30. Kuskuren 240 kamar maki 6 zuwa 7 ne a lissafin sauƙi, a aikace ya ɗan fi. Labarin Malam Sulemana zai raba su 120 da 120. Da wannan adadi, tazarar da ta kai maki 18 zuwa 20 tsakanin fuskar mace da ta namiji za ki iya kama ta da ƙarfin gwiwa. Tazarar maki 5 ba za ki iya rantsuwa a kanta ba, kuma in ba ki ga bambanci ba kada ki rubuta cewa babu shi, ki rubuta cewa adadinki bai isa ya nuna ƙarami ba. Ki tabbata kin samu kusan 60 a kowane rukuni huɗu: mata 18 zuwa 35, mata sama da 35, da maza haka. Rukunin 60 kuskurensa ya kusa maki 13, saboda haka kada ki sake tsaga shi zuwa ƙabila ko matakin karatu.

Ki bar takarda, ki yi amfani da KoboToolbox, dandalin tsara fom na bincike da ake cikawa a waya. Kyauta ne ga aiki irin naki, manhajar KoboCollect tana aiki a Android ba tare da intanet ba, da yamma a tura. Ki sa fom ɗin ya zaɓi fuskar labari da kansa. A layin lissafi na fom ɗin ki rubuta once(random()), wanda ke zaro lamba tsakanin 0 da 1 sau ɗaya, in lambar ta gaza 0.5 a nuna fuskar mace, in ba haka ba ta namiji. In kika bar random() tsirara, lambar na iya canzawa in an sake buɗe fom ɗin da aka ajiye, sai ki tarar da amsar Amina a ƙarƙashin Aminu. In aka bar wa mai tambaya zaɓi kuma, zai riƙa karanta wa dattawa fuskar da ta fi masa sauƙin faɗa. Kowane dare ki duba abu uku: tsawon lokacin kowace hira, duk wadda ta gaza minti 8 abin tuhuma ce, yawan fuskar mace da ta namiji a hannun kowane mai tambaya, da guraben da aka tsallake.

Kuɗi, a matsayin abin da za ki yi ciniki a kai: in kowane mai tambaya zai karɓi sidi 50 a rana, 2,000 ke nan. Kuɗin trotro, wato motar haya, da data 400. Katin hotuna da takardun izini 150. Ki ware 600 don zaman tattaunawa, wato tara mutane kaɗan su yi hira a kan batun, in za ki yi. Jimla 3,150, sauran ki riƙe don kwanakin da za a maimaita. Wajen nazari, manhajar lissafi ta jamovi kyauta ce kuma ta ishe ki gwajin kai-sukwaya (chi-square), wanda ke nuna ko bambancin da ke tsakanin fuskokin biyu ya wuce na dace. A rubutun ƙarshe ki ce manya a yankuna takwas na Nima da Mamobi. Kada ki ce mutanen Zongo, balle Musulmin Gana. Aboabo ta Kumasi ko Madina ta nan Akra ba su shiga ƙuri'arki ba.

Zaman tattaunawa ni a ganina ki bar shi ƙarshe, in lokaci ya ragu.

Anti Mariama

Malam Isifu, a gafarce ni, a nan ban bi ka ba. Zaman tattaunawa shi ne farko, don daga bakin mutane za ta samo kalmomin da za ta sa a fom. Mako ɗaya ya isa: zama huɗu, iyaye mata, iyaye maza, 'yan mata, samari, kowanne mutum shida zuwa takwas, awa ɗaya. Kada a haɗa uwa da 'yarta a zama ɗaya, kada kuma a sa malamin makarantar allo ko matar liman cikin rukuni, in suka yi magana sauran sai gyaɗa kai.

Rukayya, ga abin da ya fi damuna. Labarin Malam Sulemana gaba ɗaya a kan bambancin "tana" da "yana" ya tsaya, Hausarmu ta Zongo kuwa ba ta cika rarrabe su ba. A Nima za ki ji an ce "Amina ya tafi kasuwa" ba wanda ya ɗaga kai. In kika rubuta fom da Hausar Kano, mai tambaya zai karanta da bakinsa na gida, "takan buga" ta koma "yana buga", sai ya zama wasalin ƙarshe na Amina da Aminu kaɗai ke riƙe da binciken, a tsakar gida mai hayaniyar yara da rediyo. Ki sa kalmar a fili: "wata yarinya mace", "wani yaro namiji", kuma a maimaita ta a kowace tambaya da ke biye.

Ki shirya fom ɗin da Hausar da ake ji a unguwa, da Turanci, ki kuma tanadi mai jin harshen Twi, don ba kowa ne a Nima Hausa ta fi masa sauƙi ba. Akwai Dagomba, Zabarmawa, Kotokoli, Mosi, Fulani da sauransu, wasu a kasuwa kawai suke Hausa. Wani ya fassara daga Turanci, wani daban da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, ki kwatanta. Inda suka saɓa, nan matsala take. Kada a bar masu tambaya su riƙa fassara a tsaye, kowa zai yi tasa.

Ma'aunin nan mai hawa biyar, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam", in aka karanta shi a jere tsohuwa za ta riƙe na ƙarshe ne kawai. A yi shi taki biyu: kin yarda ko ba ki yarda ba? In ta amsa, sai a ce: sosai ko kaɗan? Kuma rabin maganganun su zo ta fuskar yabo, rabi ta fuskar suka, don akwai masu cewa "haka ne" ga duk abin da baƙo ya faɗa, saboda kara.

Kalmar haram kada ta fito daga bakin mai tambaya. Da zarar ta fito, hira ta koma fatawa, mutum zai ce sai a tambayi malamai. A tambaya "me ya sa?" a rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa. Daga baya ki rarraba: addini, aikin gida, cuɗanya da maza, karatu, kuɗi, maganar mutane. Ki ba wata ƙawarki amsa 40 ta rarraba ba tare da ta ga naki ba, ku gwada ku gani ko kun dace.

Yaya Habiba

Ƙanwata, abu ɗaya da zai iya cinye miki wata guda: izinin kwamitin ɗa'ar bincike. A Jami'ar Gana da ke Legon akwai kwamitin da ke duba binciken fannin zamantakewa, sauran jami'o'i ma suna da nasu. Ki tambayi sashenku gobe ko aikinki yana buƙata, ki miƙa takardu tun kina gyara tambayoyi, don ba a fara shiga gidaje kafin amsa ta fito.

Ki tsaya kan 'yan 18 zuwa sama. A dokar yara ta 1998 duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, sai da izinin iyaye da yardarsa shi ma, kuma yarinyar da ke buga Free Fire a ɓoye, neman izinin uwarta tona mata asiri ne. In kina son sanin abin da ke faruwa da 'yan sakandare, ki tambayi 'yan 18 zuwa 24 yadda aka yi da su a wancan lokacin.

Dokar kare bayanan mutane ta 2012, wato Act 843, ta shafe ki. Kada suna ko lambar waya su hau fom ɗin amsa. In kina buƙatar lamba don komawa, ta zauna a wani littafi daban, ki yaga shi in an gama. Ki kashe ɗaukar wurin GPS na ƙofar gida, sunan yanki ya isa. Wanda ba ya karatu a karanta masa bayanin izini da harshensa, a gaya masa yana iya tsayawa a kowane lokaci. Murya ba a ɗauka sai an faɗa an yarda. A rubutunki kuma, "wata mai gem senta a Mamobi" na iya zama mutum ɗaya tak da kowa ya sani, ki sassauta bayanin har ya ɓace cikin jama'a.

Cikin masu bugawa za a samu wadda za ta ce ana zaginta ko ana tura mata maganar banza in an ji muryarta, har ta koma sunan namiji ko ta kashe makirfo. Ki tanadi tambaya a kan wannan, a yi ta a hankali, mace ga mace. In wata ta ce ana yi mata barazana da hotunanta, mai tambaya ta ba ta lambar 292 ta hukumar tsaron intanet ta ƙasa, kada ta ɗauki maganar ta kai wa iyaye da kanta.

Rukayya

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Zan fara da takardar izini da zaman tattaunawa, sannan fom. Anti Mariama, to sunayen fa? In bar Amina da Aminu tunda zan ƙara "mace" da "namiji"?

Malam Sulemana

Gyaran Mariama daidai ne, ki canza su. Ki sa sunaye biyu da ba su yi kama a kunne ba kuma ba su nuna ƙabila ko gidan sarauta ba, kamar Amina da Yusif. Kafin babban aikin ki gwada fom ɗin a kan mutum 20 a wata unguwa da ba ta cikin yankunanki, Nyutawun ko Kotobabi sun yi kusa. A ƙarshen kowace hira mai tambaya ya ce: "Wanda na ba ka labarinsa ɗazu, mace ne ko namiji? A ina yake buga gem ɗin?" In fiye da mutum biyu cikin 20 suka kuskure, labarin bai shiga ba, ki gajarta shi ki sake gwadawa da wasu goma. Wannan tambayar ki bar ta a fom ɗin har babban aikin, don ki san adadin waɗanda suka amsa a kan mutumin da ba shi aka ba su ba.